Gyaran Issaka

Shekara shida ke nan da muka kai Issaka makwancinsa, kuma har yau ban yafe masa riga ni da ya yi ba. Ni ne babba, tun muna yara a Maradi muka yi alkawari shi zai ɗauki makarata. Ya saɓa. Masu karatu su yi mini uzuri in sun ji ina tsokanar mamaci: taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, kuma ban ji inda malamai suka ce mutuwa tana warware taubasantaka ba. Ko da yake karatun nawa bai yi nisa ba. Aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, malamin ya ce in je in taimaki duniya ta wata hanyar.

Issaka shago gare shi a Mount Hope, nan Bronx, a ƙasan wani dogon bene. A ciki garin rogo, manja, daddawa da busasshen kifi. A bakin ƙofa kuma kayan miya: tumatur, attaruhu, kuɓewa, yalo, albasa. Ni kuma a lokacin direban tasi ne. Jiran fasinja a filin jirgin JFK ya cinye rabin rayuwata, sauran rabin na cinye shi a kan kujerar shagon Issaka ina ba shi shawarwarin da bai nema ba.

A shekarunsa na ƙarshe ne babban kantin arahar nan da muke sayen safa da bargo da jakar makarantar yara ya ware wani sashe, ya jera firji, ya fara sayar da kayan lambu da ɗanyen nama. Mutum zai jefa wando da tumatur a kwando ɗaya ya wuce. Issaka ya ce mu je mu gano wa idonmu. Ya tafi da ni a matsayin tafinta, wanda shi ne kuskurensa na farko.

Ya ɗauki tumatur shida a cikin roba, an lulluɓe su da leda, ya kai hanci, ya jima.

"Sale, wannan ko rana bai sani ba."

"Amma ya fi naka araha," na ce, "ya kuma fi ka kyan gani."

Da muka zo wurin biya, ya ce in faɗa wa matar da ke kan na'ura ta yi masa gyara. Na laluba Turancina kaf, na ba ta kalmar yadda na san ta, irin gyaran da makanike yake yi wa mota. Matar ta juya robar tana neman inda ya lalace. Ta kira manaja. Manaja ya ba mu haƙuri, ya canza mana wata roba, tumatur shida cif. Muka fito ina jiran zagi, sai Issaka ya ce, "Yau ka yi fassarar gaskiya, karo na farko tun da aka haife ka. Ai gyaran ke nan. Sikeli yana auna kaya, ba ya auna mai saye. Abin da ya bari a karkace, hannu ne yake gyarawa."

A ranar na ɗauka zancen ɗan kasuwa ne da ya ga samu ya ga rashi. Sai da na koma kujerata na zuba ido, na gane abin da na shekara da shekaru ina kallo ban gani ba. Gyaran Issaka ba ɗaya ba ne. Alhajin da ya zo da mota, attaruhu biyu ne nasa, don al'ada. Matar da aka sallami mijinta daga aikin filin jirgi, in ta sayi albasa uku, gyaranta sai ya fi cinikin yawa. Ba ya tambaya, ba ya duban idonta, yana cikin hira da ni hannunsa yana zubawa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Da ya kira abin sadaka, da ba ta sake dawowa ba. Da yake sunansa gyara, haƙƙinta ne, har tana iya cewa ya ƙara.

To, me zai ce da ya ga yau? Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, kantin ya ci kasuwar tumatur. Ba kuma zan zagi matan da suka koma can ba. Mace ta wuni tana jinyar tsofaffin wasu, ta fito da ciwon baya, ta sami wuri ɗaya da za ta haɗa madara da salak da takalmin yaro a farashin da ba ya sa kuka, wa ya isa ya ce ta zagaya don zumunci? An ce araha ba ta ado, amma tana cika tukunya. Masu kantin ma suna da nasu ƙarin, ka sayi ɗaya a ba ka ɗaya. Sai dai ƙarin nan bai san fuskar kowa ba. Mai bene da mai haya, rabonsu ɗaya.

Rahina, 'yarsa, ita take riƙe da shagon tun rasuwarsa. Kwanakin baya ta zaunar da ni, rabin maganar da Hausa, rabi da Turancin da nake gyaɗa wa kai. Kayan miya suna ruɓewa kafin su ƙare, kuma suna neman jan shagon gaba ɗaya su nutse da shi. Tana son ta kwashe su daga bakin ƙofa, amma tana jin kamar ta sake binne ubanta.

"Baba Sale, kai ka fi kowa saninsa. Zai yi fushi?"

"Ubanki ko da rai fushi yake yi," na ce. "Kwashe. In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take."

Na faɗa da ƙarfin hali, amma na yi sati ban bi ta layin ba. Ban so in ga ƙofar a tsirara.

Da na koma, teburin kayan miyan ya tafi, an jera buhunan shinkafa a wurinsa. Sai dai kusa da sikeli akwai kwando ɗaya na attaruhu da albasa, babu farashi a jikinsa. Na tambaya nawa ne, ta ce ba na sayarwa ba ne. Mai sayen manja ko daddawa, daga nan ake yi masa gyara.

Ban san abin da yake saura na mutum bayan shekara shida ba. Muryarsa ta fara ɓace mini, hotonsa a bango ya koɗe, tumatur ɗinsa kuma babban kanti ya gaje su. Abin da na sani shi ne, tun da ido ya hana ni tuƙi bara, ban gaya wa kowa yadda gidana yake ba. Ranar nan ɗan ƙullin daddawa kaɗai na saya. Rahina tana tambayata lafiyar ƙafa, idonta yana kan ƙofa, hannunta yana ta kai da kawowa tsakanin kwando da leda. Da na ɗaga ledar, sai da na canza hannu.

Allah ya jiƙanka, Issaka, ya sa aljanna ce makomarka. Ko yanzu ba ka daina raina ni ba.