Fuskar 'Yar Farina

Shekara ashirin da biyu ban taɓa kiran sunan 'yar farina ba. "Ke" nake ce mata, in kuma da mutane in ce "waccan". A ƙauyenmu, can bayan Kirikasamma, uwa ba ta sakewa da ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido. Alkunya ke nan, kuma ni na fi kowa iya ta. In mata suka ce, "Wance kam ko kallon 'yarta ba ta yi," sai kaina ya kumbura. Kai, wauta!

Da cikinta na fari ya tsufa, mijinta ya kawo ta gida goyon ciki. Tsakiyar damina ce, ruwa ya shanye hanyar mota. Na share mata ɗaki, ina miƙa mata tuwo ta bakin ƙofa, kaina a sunkuye. Ƙafafunta kawai nake gani, don nan idona ke sauka. Sun yi suntum, silifas ma ba ya shiga. Na ce a raina kowace mai ciki haka take.

Ni sana'ata bandar kifi. Wata safiya ina juya tarwaɗa a kan wuta, ga maƙwabta biyu a zaune, sai na ji ta tsaya a bayana.

"Inna, kaina kamar zai tsage. Gabana sai faɗuwa yake yi ba dalili, kuma ina ganin wasu 'yan taurari a idona."

Kunya ta kama ni, wai 'yar fari tana yi mini zancen ciki a gaban mutane. Ko waiwayawa ban yi ba.

"To ni ce likita? Mu da muka haifi tara, wa muka kai wa ƙara? Je ki kwanta."

Ta tafi. Matan suka yi dariya, ni ma na taya su. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in nutse.

Bayan kwana biyu, da azahar, ina daka na ji kwano ya faɗi a ɗakinta. Na tarar da ita a ƙasa, jiki na jijjiga, haƙora a datse, kumfa a baki. Na ƙwalla salati. Mata suka cika ɗakin, wannan ta ce iska ce, waccan ta ce a kawo garwashi a yi hayaƙi. Malam, maigidana, ya daka musu tsawa, ya sa aka ɗauke ta zuwa kwale-kwale. Muka yi ta kutsawa cikin ciyawar kacala har bakin titi, daga nan mota ta kai mu asibiti a Haɗeja.

Wata malamar asibiti, yarinya ce da ba ta fi 'yata ba, ta yi mata allura jijjigar ta lafa. Sannan ta juyo.

"Mama, tun yaushe fuskarta ta kumbura haka?"

Sai a lokacin na kalle ta. Innalillahi! Idanu sun shige ciki, leɓe ya yi kauri, da a hanya muka haɗu ba zan gane ta ba. Wata guda tana gidana. 

"Ba ke ce mahaifiyarta ba?"

Na ce ni ce.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ce a jikin mutum akwai wasu jijiyoyi da ke tashi in an razana, su sa zuciya gudu, su matse hanyoyin jini. A wannan ciwon na masu ciki ba sa kwantawa, sai su yi ta matsewa kamar an danne bakin tiyon ban-ruwa, jini ya yi ta hawa har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ciwon kai, kumburin fuska, ganin taurari, duk gargaɗi ne. "Ba ta faɗa wa kowa ba?" in ji ta.

Na sunkuyar da kai, irin yadda na saba.

Aka shiga da ita ɗakin tiyata aka ciro ɗan. Namiji ne, bai zo da rai ba. Ita kuma har la'asar ɗin washegari ba ta farfaɗo ba. Malamar ta ce, "Mama, matso kusa da kunnenta ki kira sunanta a hankali, ko za ta amsa."

Abin da na yi, ban taɓa gaya wa kowa ba. 'Yata tana tsakanin rai da mutuwa, ni kuwa sai da na waiga in ga ko akwai mai ji na. Tir da ni.

Na durƙusa. Na kira, sunan ya fito a karkace kamar na baƙo. Na sake kira. A na uku ta motsa, ta buɗe ido da ƙyar, ta daɗe tana kallona, ni ma ban kau da kai ba.

Ba ta tambayi ɗan ba tukuna. Cewa ta yi, "Inna, ashe kin san sunana."