Wasiƙar Godiyar da Malam Maharazu Ya Buga

Duk wanda ya zauna a Takur tun lokacin da aka mayar da Dutse babban birnin jiha ya san Malam Maharazu mai tafireta. A gindin darbejiya yake kafa teburinsa, yana buga wa mutane takardun koke da na neman aiki. Iyakar karatunsa firamare, amma in ya tsara maka takarda, kai kanka sai ka fara ganin girmanka. Aibinsa ɗaya ne: bai iya yabo kaɗan ba.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, dattawan unguwa suka ga ya kamata su gyara karatunsu. Akwai Ustaz Saifuddeen, mutumin Sudan, da gwamnati ta ɗauko yana koyar da Larabci a wata sakandare. Shi ya riƙa zama da su bayan la'asar a zauren Modibbo, tsohon makiyayin da ya zama babban unguwar. Su goma sha huɗu ne, har da Maharazu. Shekara biyu Ustaz bai karɓi ko goro ba. Suka kai masa rago, ya mayar. Abin ya dame su, don a wurinsu cin alheri a yi shiru abin kunya ne.

Modibbo ya ce, "To, a gode masa a gaban hukuma."

Nan fa Maharazu ya samu abin da yake so. A wasiƙar godiyar da ya buga, zaure ya zama makaranta, sha huɗu suka zama arba'in, Ustaz ya zama shugabanta. Dattawa suka dangwala yatsa. Ya aika ma'aikatar ilimi, ya kuma ƙara kwafi ɗaya zuwa ofishin da ke ba baƙi izinin zama, wai don su san irin mutumin da suka samu.

Bayan mako uku Ustaz ya zo gindin darbejiya, ko zama bai yi ba.

"Malam, sun riƙe fasfona. Takardar zamana sunan makaranta ɗaya ne a jikinta. Ba ni da izinin koyarwa a wani wuri."

"Ai kyauta kake yi, Ustaz."

"Wasiƙarka ta ce makaranta na buɗe. Ranar Litinin za su yanke, ko na zauna ko na bar ƙasar."

Maharazu ya san matar Ustaz tana da tsohon ciki, ya san ƙasarsu ba lafiya. Kwana biyu tuwo ya ƙi wuce masa. Da babur ya tsaya kusa da teburinsa sai ya zabura, yana zaton labarin ne ya iso. Tsoro yake ji ƙwarai, ga kunya.

Ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa ya tafi ofishin. Jami'in bai yi masa tsawa ba, kuma wannan ya fi tayar masa da hankali.

"Baba, takarda ta riga ta shiga fayil, ba na iya cire ta. Hanya ɗaya ce. Ku rubuto cewa kuskure ne, bai taɓa koyar da ku ba. Duk wanda ya dangwala waccan ya dangwala wannan."

"Ranka ya daɗe, ai ya koyar da mu."

"To, sai ya haɗa kayansa."

Layi huɗu ce wasiƙar, amma sai da ya ɓata takarda shida. Bayan sallar Juma'a ya tara dattawa a zaure, ya miƙe ya karanta musu kamar yadda aka saba kafin dangwale. Da ya kai inda aka ce babu abin da Ustaz Saifuddeen ya taɓa koya musu, ba wanda ya ɗaga kai.

Modibbo ya daɗe yana duban tawadar. Can ya ce, "Maharazu, in na sa hannu zai zauna?"

"Haka suka ce, Baffa."

"Amma ba zai ƙara shigowa zauren nan ba?"

"Ba zai ƙara ba."

Tsohon ya danna yatsansa, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Litinin aka mayar wa Ustaz fasfonsa. Ya ƙara shekara uku a Dutse, aka yi sunan 'yarsa a Takur. Dattawan sun ci gaba da haɗuwa bayan la'asar, kowa da littafinsa. In suka kai wurin da ya gagare su, sai su dubi juna, sannan su tsallake shi.