Murfin Gwangwani a Igiyar Shanya

Jiya a kasuwar Kejetia na ga ɓera yana bin igiyar rumfa, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Kuku ne a jirgin ruwa. Da ya dawo Zongo, kowace igiya a gidanmu sai ya huda murfin gwangwani ya zura mata. Ranar da tsatsar murfin ta ɓata mini farin mayafi, na fizge shi na yar.

Ya sunkuya ya ɗauka, bakinsa ja da goro.

"Uwata, haka ake tare ɓera a jirgi, kada ya bi igiya ya sauka. Akwai tsibirin da tsuntsuwar teku ke haƙa rami, ta yi ƙwai ɗaya tak a shekara. Zuwanmu na farko, har ƙarƙashin ƙafarmu muke jin kukansu. Mun yi sakaci da igiya, ɓeraye suka sauka. Da muka koma bayan shekaru, tsit."

Ya mayar da murfin a igiyar.

Murfin yana nan, kuma ba wanda ya isa ya cire shi ina raye. Allah Ya haskaka makwancin Baba, Ya yafe masa igiyar nan, Ya mayar wa tsibirin kukansa.