Tarihin Dogo Direba, Wanda Ya Kai Shugabanni Uku Bakin Iyaka

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayi Dogo Direba a damunar shekarar 1936, a wani gari da ke gaɓar babban kogi. Mahaifinsa mai fito ne, yana ƙetarar da mutane da dabbobinsu a kwale-kwale, mahaifiyarsa kuma saƙar tabarma take yi. Laƙabin Dogo tun yana goye ya samo shi, saboda ƙafafunsa da suke leƙowa ta ƙarƙashin majanyi, kuma ya bi shi har ya danne sunan yanka. A shekarar 1940 Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa, renonsa ya koma hannun yayarsa, wadda ta girme shi da shekara tara. Ita ta yi masa wanka, ita ta yi masa duka, ita ce kuma ta kai shi makaranta tana riƙe da kunnensa. A 1946 ta auri wani kafinta a garin da ke ɗaya gaɓar kogin. A wancan zamani wannan ba nisa ba ne, domin kusan kullum Dogo yakan faɗa kwale-kwalen mahaifinsa ya je ya ci abincin rana a wurinta.

Karatu da Koyon Sana'a

Ya yi karatun firamare daga 1944 zuwa 1950, kuma malamansa sun shaide shi da ladabi da natsuwa fiye da yadda suka shaide shi da lissafi. A 1951 ya shiga wani gareji koyon gyaran mota, ya shekara biyar a ƙarƙashin motoci kafin a yarda ya zauna a gaban sitiyari. Ya sami lasisi a 1956, a shekara ta gaba kuma aka ɗauke shi tuƙin motar asibiti. A nan ne hannunsa ya faɗa. Wanda ya shekara shida yana ɗauko masu karaya da mata masu naƙuda a kan hanya mai ramuka, dole ya koyi taka birki ba tare da na baya ya sani ba, kuma wannan ita ce baiwar da ta ɗaukaka shi daga baya.

Aure da Iyali

A 1960 ya auri wata ungozoma da suke aiki tare a asibiti, mace mai faɗar gaskiya ko ba a tambaye ta ba. Sun yi zaman aure na shekara hamsin da biyu, Allah ya azurta su da 'ya'ya bakwai. Yayarsa ce ta tsaya a matsayin uwa a wurin bikin, ta kwana bakwai tana juya gidan yadda ta ga dama.

Shiga Hidimar Fada

Bayan samun 'yancin kai, kogin da Dogo ya yi wanka a cikinsa ya zama iyaka tsakanin ƙasashe biyu, yayarsa ta wayi gari 'yar wata ƙasa ba tare da ta matsa daga ɗakinta ba. A 1963 aka gina gada, aka ja farin layi a tsakiyarta. A 1964 fadar shugaban ƙasa ta nemi direba. An gwada mutum goma sha biyu da kofi cike da ruwa a kan kujerar baya, kuma na Dogo ne kaɗai ya dawo kujerar a bushe.

Kafin a damƙa masa makulli sai da ya sa hannu a takardar alkawari mai sharuɗɗa uku: ba zai taka maƙwabciyar ƙasa ba sai da rubutaccen izini, ba zai aika ko ya karɓi wasiƙa daga can ba, ba zai sauki baƙo daga can ba. Sharuɗɗan za su ci gaba da binsa har shekara biyar bayan ya bar aiki. Ya sa hannu da sauƙin zuciya, yana zaton izinin ziyarar yaya abu ne na mako guda. Tun kafin ya sa hannun ya je ya yi mata sallama, ta ce ya riƙe amanar mutane, ya kuma daina cin abinci a tsaye.

Ziyarce-ziyarcen Farko, 1965 zuwa 1973

Shugaban ƙasa na farko ne ya kafa al'adar zuwa wa maƙwabciyar ƙasa ta mota, domin a ganinsa rashin kunya ne mutum ya sauko wa maƙwabcinsa daga sama. Tsarin da aka yi a ziyarar farko, a watan Maris na 1965, shi aka bi shekara talatin. Ayarin motoci zai yi tafiyar yini biyu daga babban birni zuwa gada. Motar shugaba za ta tsaya taku uku kafin farin layi, shugaba ya fito ya tsallaka da ƙafa, ya shiga motar mai masaukinsa. Direba kuwa zai koma da motar ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin gada, ya zauna tare da ita, makulli a aljihunsa, idonsa a kanta, har ranar da shugaba zai dawo. An tsananta wannan doka ne don kada wani ya sami sararin taɓa birki ko tanki.

Haka Dogo ya raka shugaba a 1965, lokacin yarjejeniyar rabon ruwan kogi, da 1968, da 1971, da 1973, kullum zuwa taku uku kafin ƙasar da yayarsa take. Daga rumfar ana hango bishiyar da ke ƙofar gidanta, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Ranar ƙetarawa takan fito cikin 'yan kallo a ɗaya bakin gadar, ta tsaya a kan wani tudu ta ɗaga mayafi. Shi kuwa doka ba ta ba shi damar ɗaga hannu ba, sai ya cire hula kamar zai share gumi. Ya rubuta takardar neman izini a 1966, da 1969, da 1972, kowace kuma amsarta ɗaya ce, wai ana dubawa.

Akwai minti biyu da tsarin ya ware wa direbobin ƙasashen biyu a kan layi, domin mai miƙawa ya gaya wa mai karɓa halin fasinjansa: ko yana son iska, ko bayansa na ciwo, ko ba ya son a yi masa magana. Takwaransa na can, wani mai barkwanci da ake kira Mai Tabarau, ya san gidan kafinta. Sai suka riƙa gama maganar shugaba a minti ɗaya, su kashe ɗayan a kan labarin yaya da 'ya'yanta. Dogo da kansa ya kai rahoton wannan ga shugaban sashensu, wanda ya yi ta juya takardar alkawari, daga bisani ya yanke hukunci cewa gaisuwa ba wasiƙa ba ce.

Shekarun Rufe Iyaka da Sulhu

A 1975 rikici ya tashi a kan wani tsibirin masunta, aka rufe gada shekara tara. Mulki ya canja hannu sau biyu a tsakani, an kori ministoci da masu gadi da masu dafa abinci, amma kowane sabon shugaba da ya zauna a bayan Dogo sau ɗaya, sai ya ce a bar masa wannan. A cikin waɗannan shekaru bai ji ko yayarsa tana raye ba. Matarsa ta sha ce masa ya ajiye aikin, ya ce ko ya ajiye sharuɗɗan suna nan, kuma mutumin da aka ba wa amanar ran wani ba ya tashi don ransa ya ɓaci.

A watan Nuwamba na 1984 shugaba na uku ya kai ziyarar sulhu, wadda masu tarihi suke lissafawa a matsayin mafi girma a cikin ziyarce-ziyarcen. An yi jawabai, an saki fursunoni, an buɗe kasuwar iyaka. Abin da Dogo ya samu a ranar shi ne minti ɗaya, inda Mai Tabarau ya shaida masa cewa kafinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, amma yaya tana nan, bakinta kuma bai mutu ba. Ya sake rubuta takardar izini a makon da suka koma. An yi ziyara a 1986, da 1988, da 1990, da 1992, shiru kake ji.

Ziyarar 1994

Ziyara ta goma, wadda ita ce ta ƙarshe da ya tuƙa, ta zo a watan Fabrairu na 1994, a zamanin shugaba na huɗu. A ranar bai ga kowa a kan tudu ba. Da suka tsaya a kan layi, Mai Tabarau ya cire tabarau ɗinsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, “Dogo, bar maganar ciwon bayan mai gidanka. Yayarka tana kwance wata biyu, kuma ni dai ban ga alamar tashi ba.”

Shugaba zai kwana uku. Babban jami'in iyaka, wanda ya daɗe da sanin labarin, ya same shi a rumfa ya ce, “Baba, ba ni makullin nan. Awa biyu ka je ka dawo. Ni zan zauna a kan bonet ɗin motar da kaina, babu wanda zai ji.”

Dogo ya daɗe yana kallon bishiyar. Sannan ya ce, “Na gode, ɗana. Idan na ba ka yau, gobe wani zai ba wanda bai kai ka ba, ya ce ai Dogo ma ya yi.” Jami'in ya shaida daga baya cewa tsohon ya mayar da makullin aljihu, kuma yinin nan bai sa komai a bakinsa ba.

Washegari da hantsi aka hango amalanke yana hawowa gada daga ɗaya ɓangaren, maza uku suna turawa a hankali, Mai Tabarau yana gaba yana yi wa 'yan iyakarsu bayani. 'Ya'yanta ne suka ɗauko ta a kan katifa, bisa umarninta. Da yake doka ta ce kada ya rabu da mota, amma ba ta ce kada mota ta motsa ba, sai Dogo ya tayar da ita, ya kawo ta taku uku kafin layi, ya fito ya durƙusa a ɓangarensa. Shekara talatin rabon da su ji muryar juna.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Dogo, ashe furfura ka yi ba ka aiko an gaya mini ba?”

Ya ce, “Yaya, ki gafarce ni.”

Ta leƙa bayansa ta ce, “Wannan ce motar? To, na gan ta. Ai na zaci da zinariya aka yi ta.”

Ya miƙa hannu ta saman layin ta riƙe, jami'an ƙasashen biyu kuwa duk suka sami abin kallo a cikin kogi. Ta tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ko ungozoma tana ba shi abinci. Sun zauna har aka kira azahar. Da za a juya da ita ta ce, “An gaya mini abin da ka ce wa yaron nan jiya. Da ka bar musu motar ka zo, da tsintsiya zan kore ka. Ba haka na rene ka ba.” Dogo ya gaya wa matarsa daga baya cewa bai yarda da maganar ba, ta faɗa ne kawai don ta sauke masa nauyi, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ta rasu bayan kwana goma sha ɗaya, bai kuwa halarci jana'izarta ba.

Ritaya da Ƙarshen Rayuwa

Ya yi ritaya a 1996 bayan hidimar shekara talatin da biyu, ba tare da ya taɓa goga mota ko ya makara ba, aka ba shi lambar girmamawa da agogon bango. Ya koma garinsu na gaɓar kogi. A watan Yuni na 1997 wasiƙa ta iso daga fada, amsar takardarsa ta 1984, tana sanar da shi cewa an amince ya ziyarci yayarsa na tsawon kwana uku. 'Ya'yansa suka ce a yaga ta. Shi kuwa ya sa aka goge masa fararen kaya, ya riƙe takardar a hannu, ya tsallaka gada da ƙafa, ya ziyarci kabarinta, ya sauka a gidan 'ya'yanta. Sun roƙe shi ya ƙara ko kwana ɗaya, ya ce uku aka rubuta.

Daga 1998 shugabanni suka koma kai ziyarar ta jirgin sama, al'adar gada ta mutu. Bayan wa'adin sharuɗɗansa ya cika a 2001, yakan ƙetara kowane mako, ya zama uba ga 'ya'yan yayar da jikokinta, shi ne waliyyi a aurensu, shi ne mai raba gardamarsu. Idan matasan direbobi suka tambaye shi ko ya yi nadama, yakan ce abin da ya yi daidai ne, amma kada wani ya gaya musu daidai ba ya ciwo.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Agusta, 2012, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da shida. An yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar garin, kusa da mahaifansa. Mutanen gaɓa biyu ne suka cika sahu, babban ɗan yayarsa kuma shi ya fara sauka cikin kabarin. Allah ya jiƙansa, ya sa amanar da ya riƙe ta cece shi.

Ya rasu ya bar matarsa da jikoki ashirin da uku da 'ya'ya shida, domin na biyu ya riga shi. Akwai babban ɗansa, makanike. Da ta uku, malamar makaranta. Da tagwaye maza, ɗaya tela ɗaya ma'aikacin jinya. Da wani direban babbar mota. Sai auta, wadda aka haifa a shekarun da gada take rufe, ya sa mata sunan yayarsa. Har ya koma ga Allah bai taɓa kiran ta da sunan ba. Yaya yake ce mata, kuma ita kaɗai ce a gidan take yi masa faɗa ya yi shiru.