Inna Tambai, Wadda Aka Kayar a Ajin Baftisma

Da damunar bana mahaifiyata, Inna Tambai, ta cika shekara bakwai a ƙasa, a ƙauyenmu da ke kudu da Tudun Wada. An yi ta ba ni haƙuri, wai in an daɗe zan huce. To, an daɗe, ban huce ba.

Mu asalinmu Maguzawa ne. Inna ce ta fara karɓar bishara a gidanmu, da furfurarta. Ranar da ta ce ta bi Yesu, ta kife tukwanen da take dafa giyar tsafin gida, ta ce ta cire hannunta. Yayanta, Kawu Ranau, ya rantse ba zai ƙara taka ƙofarta ba, bai kuwa ƙara ba. Dangi suka daina zuwa gayyar gonarta. Duk ta shanye.

Abu guda take nema, baftisma. A lokacin ƙa'idar majami'armu ita ce sai ka zauna aji ka iya karatun boko, sannan in Baturen mishan ya zo da rani ya yi maka. Inna kuwa yanar ido ta hana ta gani. Sau uku tana zama gaban Malam Yohanna, mai bisharar garinmu, wanda ke zaɓen waɗanda za a kai gaban Bature, sau uku yana mayar da ita. A na ƙarshen ina tsaye. Ta riƙe littafin a juye, ta zubo abin da ta haddace tiryan-tiryan, aji ya fashe da dariya.

"Inna, wannan ai hadda ce, ba karatu ba," in ji Malam. "Sai baɗi."

"To, Malam, Allah ya kai mu."

Da muka kusa gida ta ce mini, "Barnaba, saki ranka. Ba kai ka ce a Sama za a ba ni sabon ido ba? A can na koya."

Ba ta kai baɗin ba. Ta cika da hantsi, ana tsakiyar marka. Na ruga wurin Malam Yohanna, ya sunkuyar da kai ya ce filin bayan majami'a na waɗanda aka yi wa baftisma ne. Na ce, "To Malam, ita yanzu tana ina?" Ya ce, "Wannan kuma sai Allah." Na tafi wurin Kawu, ya ce in kai ta wurin waɗanda ta bi. Gawar uwata ta wuni a ɗaki har la'asar, ruwa yana zuba. Maƙwabcinmu Malam Idi, Musulmi mai koyar da allo, shi ya shigo da fartanya a kafaɗa ya ce, "Barnaba, ba a barin mutum haka. Ban san addu'arku ba, amma na iya haƙa." A gefen gonar dawarta muka rufe ta, ni na yi addu'ar.

Haba jama'a! Me ake koya mana kowace Lahadi? Cewa Sama ba ladan aiki ba ce, kyauta ce ta alherin Allah ga duk wanda ya ba da gaskiya. Cewa a can babu kuka, babu ciwo, kuma ran tashin matattu za a ba kowa sabon jiki. Ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Ubangiji, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi nan take, wane aji ya zauna? Wa ya miƙa masa littafi ya ce karanta? Ban ce baftisma wasa ce ba. Inna ta san girmanta fiye da mu duka, shi ya sa ta yi shekara uku tana roƙo. Ba ita ta ƙi ruwan ba, hana ta aka yi.

Yau majami'armu ta yi rufin kwano, motocin gyaɗa suna wucewa ta bakin gari, ko'ina zancen mulkin kai ake yi. Ƙa'idar karatun nan kuwa an ajiye ta ga tsofaffi shiru-shiru, ba wanda ya ce kuskure ce. Da ranin da ya wuce na tsaya a bakin rafi ina kallo ana tsoma tsofaffin matan da ba su san baƙi ko ɗaya ba. Da Inna tana nan, guɗa za ta rangaɗa, ta koma ta ɗora musu tukunya. Ni cije leɓe na yi har ya yi jini.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, makon jiya dattawan ikilisiya suka zo gidana, Malam Yohanna yana gaba da sandarsa. Yanzu da na zama malamin makaranta, an tuna ina da uwa. Wai suna so a tono ƙasusuwanta a mayar bayan majami'a, don ta tashi tare da 'yan'uwa.

Na ce, "Malam, Mai tashin matattu bai san hanyar gonar dawa ba ne? Abu ɗaya nake so. Ka miƙe ran Lahadi gaban jama'a ka ce Tambai tana wurin Ubangiji, mu ne muka zalunce ta."

Ya ce, "Barnaba, abin da ya wuce ya wuce."

Na ce to kabarin ma ya wuce, ba mai taɓa shi.

Inna ba ta bar mini gona mai kirki ba, ba ta bar suna a kan dutse ba. Ta bar mini tabbacin da ban taɓa ji daga bakin mai wa'azi ba, kuma ko sau ɗaya ban yi shakkar inda take ba. Malam Yohanna ya tsufa, Lahadin da suka rage masa ba su da yawa. In bai miƙe a nan ba, zai je ya same ta a can. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, wallahi: na san uwata, za ta yafe masa tun bai buɗe baki ba.