Ciwo Uku a Jikin Auta

Ana idar da sallar asuba muka ja ƙofar gida, ni da maigidana, muka nufi tashar motocin Batsari a nan Katsina. Masu bibiyata sun san ni ba gwanar yawo ba ce, daga makarantar da nake koyarwa sai gida. Abin da ya fitar da ni wannan karon aiken Inna ne, mahaifiyarmu. Autanmu yana Jidda shekaru ke nan, yana wankin mota. Umara ya je ya maƙale, saboda haka ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma marar iƙama ba ya son jin sunan asibiti, yana tsoron daga gaban likita a wuce da shi inda ake tara waɗanda za a koro gida. Ya kira Inna ya ce basir ya matsa masa, a karɓo masa magani wurin Kawu a Karare, a kai wa wata Hajiya a Safana da ke shirin tafiya Umara.

Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Basir ɗin da rabin garin nan ke yawo da shi, shi ne sai an ɗauko masa magani daga Karare an sa a jirgi? Ga shi an daɗe rabon da in ga fuskar yaron nan. Kullum saƙon murya yake turowa, wai gilashin wayarsa ya fashe. Maigida ya ce ni dai zargi ya yi mini yawa, ko ruwan randarmu sai na leƙa kafin in sha. Na ce masa ai shi ya sa har yau bai taɓa haɗiye ƙwaro ba.

Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani, kuma duk da haka sai da aka cusa mu huɗu a baya, biyu a gaba, ga buhun taki a ƙafafunmu. Da na yi ƙorafi direba ya jero mini tsadar mai da ramukan hanya da shingaye, kamar karatun da ya hardace. Hanyar kam ya faɗi gaskiya a kanta. Damina tana ƙarewa, gero ya yi kai, dawa ta rufe gefen titi har ba ka hangen abin da ke bayanta, wanda a da abin sha'awa ne, yanzu kuwa abin fargaba. Ba mai hira a motar. Kowa yana satar kallon na kusa da shi, ni ma ina yi. Wani mai rawani a gaba yana ta latsa waya, na sa masa ido tun daga tasha, ina ayyana wa yake faɗa wa inda muke. Da muka tsaya a wani shinge sai na ji sautin wayar, ashe wasan haɗa alewa yake yi.

A Batsari muka karya da dafaffen rogo da ƙuli da yaji. Rogon garin nan ba ƙarya, gari gare shi kamar dankali, kuma da ɗan abin da ba zai sayi burodi ɗaya a Katsina ba muka ƙoshi mu biyu. Daga nan muka hau babura zuwa Karare, ta cikin gonakin gyaɗa da ake ta cira. Mata da yara sun duƙufa, amma na lura ko wace gona akwai mutum ɗaya a tsaye da ba ya aiki, idonsa yana wajen daji.

Kawu yayan Inna ne, manomi, kuma ya gaji sanin itatuwa daga kakanmu. Ba ya zama kasuwa da magani, dangi da maƙwabta kawai yake haɗa wa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Inna da yara da makaranta da ruwan bana a birni, aka kawo fura mai sanyi da nonon da ba a yi wa haɗi ba. Sai da ƙwarya ta yi rabi na faɗi abin da ya kawo ni. Kawu ya ajiye ludayi ya dube ni.

"Basir kuma? To ciwon shawarar ya sake shi ke nan? Ai wancan karon na shawara ya ce in haɗa mashi, na ba wani ɗan Darini da za shi can. Mi ya hana a hwaɗa mani ko ya ji daɗinshi?"

Na ce wane karon? Ashe tun kafin a yi shuka Auta ya kira Kawu da kansa, ya ce idonsa ya ɗan canja, ya roƙe shi kada ya gaya wa Inna don kada hawan jininta ya tashi. Kawu kuwa ya riƙe amana, bai faɗa wa kowa ba. Na dubi maigida, ya kawar da kai yana duban rumbu. Kawu ya shiga ɗaki ya fito da sassaƙe da saiwoyi, aka daka aka tankaɗe, ya ƙulle a leda ya yi bayanin yadda ake sha a kunu. Ya ƙi karɓar ko sisi. Na karɓa na gode, amma furar nan ban iya ƙarasa ta ba.

Ba a son yamma ta yi wa mutum a wannan hanya, don haka da la'asar muna cikin Batsari, a gidan surukan Auta, inda matarsa take zaune da 'yarsu tun da ya tafi. An karɓe mu hannu bibbiyu, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Bayan mun ci na ja yarinyar gefe, na tambaye ta kamar da wasa ko mijinta yana mata ƙorafin jikinsa. Ta sunkuyar da kai ta ce ai olsar ce kawai, kuma da sauƙi. Ita ya ce mata gyambon ciki ne, ta je kemis ta kwatanta, aka haɗa mata ƙwayoyi da na ruwa da na kashe zafin ciwo, ta aika ta hannun wata maƙwabciyarsu da za ta can. Ita ma ya ce kada ta faɗa wa kowa, musamman ni, wai ina da faɗa.

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni sosai. Mutum ɗaya, ciwo uku, kowa an ba shi nasa ya riƙe. Uwa basir, kawu shawara, mata olsa. Duk cikinsu babu wanda zai sa a yi kuka, cututtuka ne da muka saba ji a gidan suna. Ya zaɓa wa kowa ɗan ƙaramin da zai iya ɗauka, mu kuma da halinmu na rufa wa juna asiri kowa ya kama bakinsa. Na ce wa maigida ni fa ban yarda da ƙullin nan da ke jakata ba. Ya ce tun da mun zo nan mu ƙarasa Safana, aiken Inna ne, ba a mayar da shi daga rabin hanya.

Washegari sai da rana ta ɗaga sannan direbobi suka yarda su tashi, kuma motoci uku suka jeru a tare. An ce haka ake yi yanzu. Muka wuce garuruwan da wasu gidajensu ciyawa ta cinye ƙofa, wasu kuma an dawo ana sabon yaɓe. Wata 'yar Fulani ta shigo da ƙwaryar nono ta zauna kusa da ni, za ta wajen ƙauyen Babban Duhu. Na tambaye ta farashi, ta faɗa, na ce ya yi tsada, ta ce to in je in tambayi saniyar. Dariyar da aka yi ke nan a duk tafiyar.

Gidan Hajiya ba ya ɓata a Safana, duk wanda ka tambaya zai nuna maka. Dattijuwa ce gajera mai haƙorin Makka, ta daɗe tana zuwa tana dawowa, tana kai wa mutanenmu na can kuka da kuɓewa da daddawa da kilishi, ta sayo dogayen riguna da turare. Tsakar gidanta cike da ƙulle-ƙulle, ko wanne da mai shi a zaune. A nan na gamu da wadda ta fi ni zargi. Hajiya ba ta karɓar saƙo a ɗaure. Sai ta kwance ta baza a faranti, ta tona da tsinke, ta shinshina. In gari ne, wanda ya kawo sai ya lasa a gabanta. Ta ce ta ga matan da aka riƙe a filin jirgi saboda ƙullin da ba su san cikinsa ba, ita kuwa ba za ta ƙare rayuwarta a kurkukun wata ƙasa don kunyar wani ba. Haka na lashi maganin Kawu, ɗacinsa har cikin kunnena, maigida yana gefe yana ƙunshe dariya.

Na ɗauka an gama, sai ta ce saura ɗaya. Ba ta kai saƙo ga murya. Sai ta ga fuskar mai karɓa a waya, don ta san wanda za ta miƙa wa a can. Na kira Auta na faɗa masa. Ya fara zancen fasasshen gilashi. Hajiya ta karɓi wayar ta ce masa ɗakin da suke kwana ai ba shi kaɗai ba ne, ya ari ta wani, in ba haka ba a mayar da ƙullin Karare. Ya ce a ba shi ɗan lokaci. Muka koma bakin katanga inda aka ce nan ne waya ke kamawa, muka tsaya cikin rana muna jira.

Da kiran ya shigo ban gane shi ba. Na ɗauka mai wayar ne zai miƙa masa. Auta da muke tsokana da kumatu, ga shi ƙasusuwan fuska a waje, wuya ya zama siriri, fararen idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. Yana zaune a kan katifa ya jingina da bango, cikinsa ya ɗago riga. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ina wuni." Na zauna a kan turmin da ke wurin.

Ban yi faɗan da yake tsoro ba, ban ma da ƙarfinsa. Na ce masa na je Karare, na kwana a Batsari, na ji duka ukun. Ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ma bai san mene ne ba. Abokan ɗakinsa kowa da abin da yake faɗa, wani ya ce sanyin na'ura ne, wani ya ce ruwan can ne, wani ya karanto masa a waya. Duk abin da aka aiko da wanda suka saya masa a kanti haɗawa yake yana sha.

"Yaya, in na je asibiti kama ni za su yi. Da wane ido zan dawo, ban gina ko ɗaki ba?"

Na ce, "Su kama ka. In sun kama ka gida za su kawo mana kai. In ka zauna a ɗakin nan, wa zai kawo mana kai?"

Ya yi ta share ido da bayan hannu. Hajiya ta matso ta leƙa wayar, ta daɗe tana kallonsa. Ta tambaye shi unguwar da yake, ta ce akwai wani dattijo mutumin ƙasar nan da ya daɗe a can da takardunsa, yana raka irinsu wurin likita yana yi musu tafinta. Ba ta yi masa alkawarin ba za a tambayi takarda ba. Ta ce mai yiwuwa a tambaya, mai yiwuwa a koro shi, amma yau ɗin nan za ta kira mutumin ya je ya ɗauke shi. Sannan ta naɗe ledar maganin ta miƙo mini, ta ce wannan ba da ita ba. Auta ya ce to, zai bi dattijon asibiti. Na sa shi ya maimaita a gaban maigida.

Ta Dutsin-Ma muka biyo muka dawo, hanyar ta fi tsawo amma ta fi kwanciyar hankali. Maigida ya saya mini gasasshiyar masara, na riƙe ta har Katsina ban ci ba. Bai ƙara cewa zargi ya yi mini yawa ba, ni ma ban ce masa ai na faɗa ba, don ba irin gaskiyar da mutum ke son ta tabbata ba ce.

Abin da na koyo, ku da kuke da naku a waje, kada ku yarda da murya. Ku ce sai kun ga fuska. Kuma in ya ce muku kada ku faɗa wa kowa, ku tashi a ranar ku tambayi kowa abin da aka ce masa. Ban raina maganin Kawu ba, ban raina na kemis ba, amma dukkansu an haɗa su ne don ciwon da ba wanda ya gani. Dattijon ya kai Auta asibiti. Hanta ce, kuma likita ya ce tarin magungunan nan sun ƙara mata nauyi, ya hana shi duka. Sun riƙe shi suna dubawa, in ya ɗan yi ƙarfi za a sa shi cikin masu dawowa. Ban san yadda za ta kasance ba, ina roƙonku addu'a.

Inna ce ta fi ba ni wuya. Na je na zauna a gabanta na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta ce a kira shi ta gani. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallonsa a gadon asibiti, ba ta yi kuka ba, ba ta yi zancen ciwo ba, ta tambaye shi ko suna ba shi abinci mai ɗumi. Da aka kashe wayar ta miƙe ta ɗauki tsintsiya ta buɗe ɗakin zaure da muka mayar wurin ajiye buhuna, ta ce nan Auta zai sauka. Na ce ta bari in sa a zo a kwashe gobe. Ta ce in matsa mata daga hanya, ta fara jan buhun farko da kanta.