Jakar da ke ɗaukar hannu biyu

Jiya na je sayen jakar kyamara, sai na zura hannuwana biyu a cikinta. Mai shago ya yi dariya: "Hajiya, mi kike lalube?"

Marigayi kawuna na tuna, wanda ya koya mini ɗaukar hoto. Wajen wani kamun amarya a Tudun Wada, mata na ta feshin turare, na kwance gilashin kyamara zan canza. Ya kama hannuwana ya tura cikin tsohuwar jakarsa mai ƙamshin fata. "Nan ciki ake canzawa, ɗiyata. Turare in ya shiga, bai fita."

Har yau kyamarata garau take. Allah Ya saka maka, Kawu, Ya yalwata makwancinka, kai da ba ka son wuri mai matsi.